Na Sayi Gidan Haya Na Farko, Me Zan Yi Kafin In Saka Mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Allah ya hore mini na sayi gida a Rijiyar Zaki a kan naira miliyan 40, fulat biyu ne a gini ɗaya, kowanne ɗaki biyu da falo. Ban taɓa ba da haya ba. Dillalai sun fara kirana, sannan wani ɗan ƙanwar mahaifiyata ya nuna yana son ɗaya. Me ya kamata in yi kafin in saka mutane?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa albarka a gidan, ya haɗa ka da masu zama na gari. Sana'ata ke nan, kula da gidajen hayar mutane da shiga tsakani idan zama ya ƙi daɗi, don haka abin da ido yake gani zan gaya maka.

Yawancin rigimar gidan haya da take kaiwa gaban mai unguwa ko alƙali, idan ka bi salsalarta za ka tarar daga kunya ta faro. Mai gida ya ji nauyin tambayar mutum sana'arsa, ya ji nauyin cewa a rubuta, ya ji nauyin yanke ranar biya, wai ai an san juna. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce. To a harkar haya har kunyar mutumin kirki tana jawo asara, domin mutumin kirki ma yana mantuwa, kasuwa tana juya masa baya, yana kuma rasuwa ya bar magada waɗanda ba su san abin da kuka ƙulla da baki ba. Yanzu da gidan yake babu kowa, duk abin da ka gindaya zai zauna. Ranar da mutum ya shigo da iyalinsa da kayansa, doka ta ba shi kariya mai ƙarfi, al'ada ma ta ba shi, kuma hakan daidai ne, tunda muhallin iyali ake magana. Saboda haka duk maganar da take da nauyi a baki, yanzu ne lokacin yin ta.

Takardun gidan ba zan daɗe a kansu ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da kake riƙe da shi izinin mallaka ne. Ka tabbata an mayar da takardun da sunanka, ko aƙalla an fara bin sawunsu a KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a Jihar Kano, kuma babu bashin harajin ƙasa da tsohon mai gidan ya bari. Idan gidan gado ne aka sayar maka, ka riƙe shaidar cewa duk magada sun amince. Ba abin da yake kunyata mai gida a gaban ɗan hayarsa kamar wani ya zo da takarda yana cewa shi ma yana da haƙƙi.

Shi kuwa ginin, kada fenti ya ruɗe ka. Mai sayarwa yakan shafe gida da sabon fenti kafin ya nuna, fenti kuma yana rufe tabon yoyo na 'yan watanni. Ka ɗauki kafinta wanda ba shi ne ya yi rufin ba, ya hau sama ya leƙa cikin silin da tocila. Zai ga inda katako ya yi baƙi saboda ruwa, inda gara ta fara ci, da kwanon da ƙusarsa ta saki. Ka dubi gindin bango daga ciki da waje: idan filasta tana kumbura tana zubowa kamar gari daga ƙasa zuwa wajen gwiwa, danshi ne yake hawowa, kuma shafa fenti ba ya maganinsa. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa yake kwanciya a layin a watan Agusta, su ne za su gaya maka gaskiya, mai sayarwa ba zai faɗa ba. Ka sa a zuba bokiti biyu na ruwa a kowane banɗaki da tsakar gida ka tsaya ka ga inda ya bi. Idan ya kwanta a kusurwa maimakon ya nufi rariya, a gyara tayil ɗin yanzu, domin da mutane a ciki aikin sai ya ninka wahala. A buɗe murfin sokawe a duba cikarsa, in ya kusa cika a kira masu mota su kwashe, ka ajiye rasit. Wannan rasit ɗin zai raba gardama nan gaba idan aka zo maganar wa zai biya kwasa ta gaba.

Abu biyu ne suka fi haɗa masu haya faɗa da junansu kuma su jawo ka ciki: wuta da ruwa. Tunda fulat biyu ne, kowanne ya samu mitarsa ta kati daga KEDCO. Mita ɗaya ga gida biyu fitina ce da ba ta ƙarewa, wannan ya ce wancan yana da firiza da na'urar sanyaya ɗaki, wancan ya ce matar wannan da hita take girki. Tun da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato unguwannin da aka ware don su fi samun wuta, zuwa sama da naira 200 kowane yunit a watan Afrilun 2024, maganar kuɗin wuta ta daina zama ƙaramar magana a unguwannin da abin ya shafa. Ka je ofishin wutar da ke kula da unguwar da lambar asusun gidan, a duba maka ko akwai tsohon bashi. Sau da yawa bashin wanda ya tashi yana maƙale a lambar, sabon ɗan haya ya sayi kati ya ga ana zare masa wani kaso, washegari ka gan shi a ƙofar shagonka. A kuma samu mai wayarin na ƙwarai ya duba wayoyin, musamman na kicin, saboda siririyar waya a kan kaya masu jan wuta ita ce mafarin gobara da yawa.

Ruwa kuwa, ka san halin da famfo yake ciki a unguwanni da dama na Kano. Idan akwai burtsatse, sai a san da mitar wa injin yake aiki, wa zai sayi mai idan babu wuta, wa zai gyara idan ya ƙone. Abin da na fi ba da shawara shi ne kowane fulat ya samu tankinsa, injin kuma a yi masa tsarin karo-karo da aka rubuta. Idan babu burtsatse, ka faɗa wa mai neman gidan ƙarara cewa ruwan 'yan ga-ruwa ake saye. Zai fi maka ya fasa tun yau da ya shiga yana jin an ɓoye masa.

Akwai abin da mutanenmu suke dubawa wanda magina na zamani kan manta: sutura. Idan tagar wani fulat tana kallon tsakar gidan ɗayan, ko ƙofar shiga ɗaya ce kuma baƙin wannan sai sun ratsa ta inda matan wancan suke shanya, to magidanci mai iyali zai duba ya tafi. Ƙaramar katanga ko ƙofa ta biyu tana iya ƙara wa gidan daraja fiye da silin mai ado. Kada ka zuba kuɗi a kayan ƙawa masu saurin lalacewa. Ƙofar ƙarfe mai kyau, kan famfo mai ƙwari, ragar sauro, da fenti mai wankuwa sun fi amfani a gidan haya.

Sai kuɗin hayar. Ka zaga da ƙafarka ka ji nawa ake biyan irin gidanka a layinku da layukan kusa, ka tambayi waɗanda suke ciki, domin dillali farashin da ake nema yake faɗa, mazauni kuwa wanda ake biya. Mu ɗauka ka samu naira 900,000 a kowane fulat, wato miliyan 1.8 a shekara. A kan miliyan 40 ɗinka wannan kashi 4.5 cikin ɗari ne. Cire kashi goma na gyara, 180,000. Cire wata ɗaya da kowane fulat zai iya zama babu kowa tsakanin mai fita da mai shiga, 150,000. Idan ka ba wani kulawa a kan kashi goma, wata 180,000 ta tafi. Abin da ya rage miliyan 1.29 ne, kaɗan ya haura kashi 3. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da miliyan 40 za ta juya a Kwari ko Singa. Na kawo lissafin ne don ka san irin dukiyar da ka saya: gida yana adana kuɗi, ƙasarsa tana ƙara daraja, haya kuma ita take riƙe ginin kada ya lalace. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, buhun siminti kuma ya haura naira dubu goma a farkon shekarar, kuɗin gyaran da ba ka ware ba bana, baɗi sai ka ƙara a kansa. Ka buɗe wa gidan asusun banki nasa shi kaɗai. Kuɗin hayar shekara yana zuwa a dunƙule, idan ya shiga jarin shago ba ya fitowa ranar da iska ta yaye kwano.

Kada kuma ka tsawwala. Gidan da ya zauna wata uku babu kowa saboda ka ƙara dubu ɗari ya ci maka fiye da dubu ɗari biyu.

Dillalai suna da amfani, su suka san mai nema. Sai dai ka tuna la'adarsu tana fitowa ne ranar da aka biya, ko wane ne ya biya, kai kuwa kai za ka zauna da mutumin shekara da shekaru. Ka zaɓi ɗaya ko biyu, ku yanke la'ada da wanda zai biya ta tun farko, abin da aka saba ji shi ne kashi goma. Ka hana su karɓar kuɗin haya ko kafin alƙalami da sunanka, komai ya shiga asusunka kai tsaye. An sha ganin gida ɗaya an karɓi kuɗin mutum biyu a kansa, mai gida bai sani ba sai da suka haɗu a ƙofa da motocin kaya. Idan ba ka da lokacin kula da gidan, akwai ƙwararrun masu kula da kadarori 'yan ƙungiyar NIESV, waɗanda hukumar ESVARBON take yi wa rajista, kuma akwai inda za ka kai ƙara idan suka ci amana.

Zaɓen mutumin da zai shiga shi ne rabin aikin. Ka zauna da shi da kanka, ido da ido. Ka tambaye shi sana'arsa da inda yake yin ta, mutum nawa za su zauna, daga ina zai taso, me ya sa zai tashi. Ka karɓi kwafin katin shaidarsa mai lambar NIN, da hotonsa, da wanda zai tsaya masa, mutumin da yake da adireshi da sana'a sananniya, shi ma ya sa hannu. Sannan ka yi abin da mutane da yawa suke jin nauyinsa: ka je unguwar da zai baro. Tsohon mai gidansa yana iya yabonsa don ya rabu da shi, amma mai shagon bakin layi da limamin masallacin unguwa ba su da abin da za su samu. Tambaya biyu ta isa, yaya zamansa da mutane, kuma yana biyan bashi? Ka yi hattara da mai gaggawa, wanda yake cewa ga kuɗin shekara biyu a ba shi mukulli yau, kuma ba ya son tambaya. A halin tsaron da Arewa take ciki, mai gida ne ake fara nema idan aka kama wani abu a gidansa. Ka kai sabon ɗan haya wurin mai unguwa ka gabatar da shi, wannan kariya ce gare ku duka.

Ina roƙonka da abu ɗaya a nan. Ka auna mutum da halinsa da ikon biyansa. Na ga zawarawa masu sana'a da ma'aikatan asibiti mata da baƙi daga wasu jihohi suna yawo wata da watanni ana rufe musu ƙofa ba tare da an tambayi komai a kansu ba, alhali da yawansu sun fi wasu masu manyan riguna cika alkawari. Ka yi binciken da za ka yi wa kowa, in sun tsallake ka ba su.

Yarjejeniya kuwa a rubuta ta, lauya ya tsara, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Idan wani ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu. Malaman fiƙihu ma sun shardanta a san kuɗin haya, a san muddarta, amfanin kuma ya zama halal. Takardar ta faɗi ranar shiga da ranar ƙarewa, kuɗin da ranar biyansa, cewa gidan na zama ne ba a mayar da shi sito ko makaranta ko wurin kiwo ba sai da izini, ba a saka wani haya a ciki, ba a fasa bango. Ta faɗi cewa za ka riƙa zuwa duba gida bayan ka sanar, kuma a lokacin da magidancin da yake hayar yana nan, domin ba ka da ikon faɗa wa iyalin mutum kai tsaye don ginin naka ne.

Ta raba gyara a fili. Rufi, bango, sokawe da ya rufta, babbar matsalar wayarin, duk naka ne. Ƙwan fitila, kan famfo, makullin ƙofa, gilashin da yara suka fasa, nasa ne. A shari'a ɗan haya amintacce ne a kan gidan, ba ya biyan abin da ya tsufa da kansa, sai abin da ya lalata da ganganci ko sakaci. Don haka idan ka karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, amana ce a hannunka, ranar fita a cire abin da ya ɓata a mayar masa da sauran. Fentin da ya koɗe bayan shekara uku ba ɓarna ba ce. A kuma rubuta cewa duk gyaran da zai yi da niyyar a cire a kuɗin haya sai ka amince a rubuce kafin ya fara. Wannan layi ɗaya yana kashe rigima mai yawa, domin an saba ɗan haya ya zo ƙarshen shekara da lissafin tayil da burtsatsen da ba wanda ya sa shi. Ranar shiga ku zaga tare, a ɗauki hoton kowane ɗaki da bidiyo, a rubuta abin da mita take nunawa da adadin mukullai.

Maganar fita ita ce inda sababbin masu gida suka fi ƙonewa. A dokokin karɓo gida na Abuja da jihohi da dama, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara-shekara kuwa wata shida. Idan wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai cewa za ka nemi kotu ta karɓo maka gidanka, daga nan sai kotu. Kuskure a lissafin ranakun notis yana iya sa a kori ƙarar ka koma farko. Shi ya sa nake son hayar da aka yanke mata wa'adi, shekara ɗaya daga rana kaza zuwa rana kaza, wadda sai an sabunta ta a rubuce, kuma a rubuta tsawon notis ɗin da kuka amince da shi. Idan wa'adi ya ƙare ka ci gaba da karɓar kuɗi ba tare da sabuwar takarda ba, yana iya komawa ɗan hayar shekara-shekara mai haƙƙin wata shida. Lauyan da ya san dokar Jihar Kano ya duba maka wannan sashe da kyau. Duk yadda ranka ya ɓaci, kada ka cire ƙofa, kada ka yaye kwano, kada ka yanke wuta ko ka watso kaya waje. Wanda kake bi bashi sai ya koma shi yake bin ka diyya, ga alhakin yara da mata da ka tozarta.

Idan biya ya makara, ka yi magana a makon farko, cikin mutunci. Wanda ya zo da kansa ya ce ga halin da yake ciki, a yi masa sauƙi a raba masa biyan, a rubuta. Wanda ya fara ɓuya yana kashe waya, kada ka bari bashin ya kai wata shida kana jiran ya ji kunya.

Ɗan'uwanka fa? Ka tambayi zuciyarka tambaya ɗaya: idan ya shekara biyu bai biya ba, za ka iya ba shi notis, mahaifiyarka da ƙanwarta suna raye suna kallo? Idan ba za ka iya ba, to ka zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko ka ba shi da niyyar taimako, a kan rangwamen da ka san za ka iya ɗauka, ka cire fulat ɗin daga lissafin riba, ka nemi ladanka wurin Allah. Ko ka ba shi haƙuri, in da hali ka tallafa masa da wani abu ya kama a wani wuri. Abin da yake raba zumunci shi ne a shiga a dunƙule, kai kana lissafin haya, shi yana lissafin gidan yayansa ne. Idan za ka ba shi, a yi takarda kamar kowa, wani babba a dangi ya zama shaida, kuɗin kuma ya riƙa bi ta hannun lauya ko mai kula da gidan don kada ku riƙa haɗa ido a kan bashi a wurin biki da suna.

Kuɗin haya yana cikin kuɗin shigar da ake biya wa haraji, naka yana zuwa hukumar tara haraji ta jiha. Idan kamfani ne ya kama wa ma'aikacinsa, zai cire kashi goma ya tura wa hukuma, ka karɓi shaidar hakan. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda aka sa ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba mai biyan haya rangwamen kashi 20 na hayarsa ta shekara, iyakarsa naira 500,000, don haka ma'aikata za su riƙa neman rasit na gaskiya, ka tanadi littafinsa. Ta ɓangaren zakka, ginin da aka ajiye don haya ba a fitar masa, kuɗin hayar ne idan ya kai nisabi, shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka, kuma shekara ta zagayo a kansa. Malaminka zai daidaita maka lissafin da na kasuwarka.

Tunda fulat biyu ne, kada ka sa wa'adinsu ya ƙare a wata ɗaya. Ka bar tazarar wata huɗu zuwa shida a tsakani, ta yadda kuɗi zai riƙa shigowa sau biyu a shekara, kuma ba za su zama babu kowa a lokaci guda ba. Ka yi ƙoƙari ɗaya ya faɗo wajen Afrilu ko Mayu, don kuɗin duba rufi da yashe magudana ya samu kafin ruwan farko.